Rana da iskarta: tarihin awon da ya nuna Duniya ce bare

A ranar 20 ga Yulin 1969, tun kafin Neil Armstrong da Buzz Aldrin su kafa tutar Amurka a kan Wata, Aldrin ya riga ya soke wani sanda a cikin ƙurar wurin, ya warware wani dogon falle na alminiyam a jikinsa, ya juya shi yana fuskantar Rana. Faɗin fallen santimita 30, tsawonsa 140. Ba a Amurka aka yi shi ba. Daga Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan ya fito, daga ɗakin binciken wani masani mai suna Johannes Geiss. Minti 77 ya yi a tsaye, sannan aka naɗe shi, aka sa a jaka, aka dawo da shi gida tare da duwatsun Wata.

Babu waya a jikinsa, babu batir, babu maɓalli. Aikinsa kawai ya tsaya iskar Rana ta yi ta bugunsa. Ƙwayoyin da ke cikin wannan iska suna zuwa da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa ɗaya, sai su nutse cikin ƙarfen su maƙale. A Bern aka riƙa yanko ƙananan gutsattsari daga fallen, ana narkar da su a cikin bututun da aka zuƙe wa iska, ana ƙirga abin da ya fito. Wannan shi ne karon farko da ɗan Adam ya je da niyya ya ɗebo wani abu na jikin Rana, ya kawo shi kan teburin awo.

Me ya sa ake wannan wahala? Rana ita kaɗai ta kwashe kashi 99.86 cikin ɗari na nauyin duk abin da ke zagaye da ita har da ita kanta. Duniya, Wata, Mas, Jupita da duwatsun da ke yawo a tsakaninsu, duka ragowa ne na gajimaren iska da ƙura guda ɗaya da ya dunƙule shekara biliyan 4.6 da suka wuce. Saman jikin Rana bai gauraya da tsakiyarta inda ake ƙona makamashi ba, saboda haka har yau yana riƙe da kusan ainihin haɗin da aka fara da shi. Duk mai son ya san abin da ya faru da Duniya tun daga farkonta, dole ya san daga ina aka tashi, kuma Rana ce ma'aunin.

Sinadaran da ke cikin Rana an daɗe da sanin su ta hanyar haskenta. Tun 1814 Joseph Fraunhofer ya zana baƙaƙen layukan da ke cikin hasken idan aka baza shi, a 1859 kuma Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano cewa kowane sinadari yana da nasa layukan. Amma akwai abin da haske ba ya faɗa sosai. Sinadari ɗaya yana zuwa da nauyi iri-iri, gwargwadon yawan niyutiron da ke cikin ƙwayar zarrarsa, kuma kowane nau'in nauyi shi ake kira aisotof. Oksijin ɗin da muke shaƙa, alal misali, kashi 99.76 cikin ɗari mai nauyin 16 ne, kashi 0.2 mai nauyin 18, sai ɗan kashi 0.04 mai nauyin 17. Layukan hasken waɗannan ukun kusan a kan juna suke kwance, zafin fuskar Rana kuma, wajen digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyas, yana daɗa cakuɗa su. Tarihin sinadari kuwa a cikin waɗannan ƙananan rabe-raben yake rubuce. Ba makawa sai an riƙe abin a hannu.

Ba mai iya zuwa fuskar Rana ya ɗebo. Sa'ar da aka ci ita ce, Rana da kanta tana aikowa. A 1951 Ludwig Biermann na Jamus ya lura cewa wutsiyar taurari masu wutsiya kullum baya take ba Rana, ya ce lallai akwai abin da ke hura ta. A 1958 Eugene Parker na Jami'ar Shikago ya lissafa cewa rawanin Rana, wato siririn sararin da ke kewaye da ita mai zafin fiye da digiri miliyan ɗaya, ba zai iya zama wuri ɗaya ba, dole ya riƙa kwarara waje ba dare ba rana. Masu tace maƙalu biyu suka ƙi amincewa da rubutunsa, editan mujallar, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya buga shi duk da haka. Shekara huɗu bayan nan kumbon Mariner 2, a hanyarsa ta zuwa Zuhura, ya yi watanni yana auna iskar, gardama ta ƙare.

Sau biyar aka kai fallen Geiss Wata, da Apollo 11, 12, 14, 15 da 16, kowane zuwa ana ƙara masa lokaci, har na ƙarshe ya yi awa 45 a tsaye. Abin da aka samu ya girgiza masana. A iskar Duniya, kowane niyon mai nauyin 22 yana da abokai 9.8 masu nauyin 20; a iskar Rana adadin ya kai 13.7. Hiliyam mai nauyin 3 kuwa, ɗaya ne cikin kusan 2,350 na mai nauyin 4. Da wannan lamba ta hiliyam Geiss da Hubert Reeves suka lissafo, a 1972, yawan haidirojin mai nauyi da Rana ta fara rayuwa da shi, lissafin da masu nazarin farkon halittar sammai suka ci moriyarsa shekara da shekaru.

Sai dai Geiss da kansa ya san ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da fallen ya kama iskar Rana ce, ba Ranar ba. Kuma akwai alama ƙarara cewa ba abu ɗaya ba ne. A jikin Rana, a kowane ƙwayar haidirojin dubu akwai hiliyam kusan 85, kamar yadda nazarin girgizar jikinta ya tabbatar daga baya. A cikin iskar kuwa wajen 40 ne, wani lokaci ma ya yi ƙasa da haka sosai. Rabin hiliyam ɗin ya maƙale a hanya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka ya ga mata suna shiƙa ya san wannan al'amari: a ɗaga ƙwarya a zubo hatsi, iska ta kwashi ƙaiƙayi ta yi gaba da shi, tsaba ta zube a gindin mai shiƙar. Wanda ya tsaya can nesa yana tarar abin da iska ta kawo, idan ya ce abin da ke cikin ƙwaryar ke nan, ya yi kuskure. To haka Rana take yi wa ƙwayoyinta, kuma tambayar da ta ci fiye da shekara arba'in ita ce, nawa ne daidai take ragewa.

Tun a 1970 Geiss da abokan aikinsa biyu, Hirt da Leutwyler, suka bayyana yadda abin zai iya faruwa. Furoton, wato cibiyar ƙwayar haidirojin, shi ne mafi sauƙi, zafin rawanin Rana kaɗai ya isa ya fitar da shi. Ƙwayoyi masu nauyi irin su oksijin da niyon ba za su iya kuɓuce wa jan da Rana ke yi musu da ƙarfin kansu ba. Furoton ɗin da ke kwarara waje ne ke gogar su ta hanyar cajin lantarki, yana ingiza su gaba. Aisotof biyu na sinadari ɗaya cajinsu ɗaya, don haka turin da suke samu kusan ɗaya ne, amma Rana ta fi jan mai nauyin. Idan kwararar furoton ta yi rauni, mai nauyin sai ya riƙa zamewa baya. A ƙarshen shekarun 1990 Roland Bodmer da Peter Bochsler, su ma a Bern, suka gyara wannan lissafi da awon kumbon Ulysses. A takarda ya zauna daidai. Amma na'urorin da ke cikin kumbo ba su da kaifin da za su raba gardama a kan bambancin kashi biyu ko uku cikin dubu.

Abin da ya mai da wannan tambaya ta gaggawa daga wani wuri daban ya ɓullo. A ranar 8 ga Fabrairun 1969, wata biyar kafin a taka Wata, wani ƙaton dutse ya tarwatse a sararin jihar Chihuahua ta ƙasar Meziko, ya watsu a kewayen ƙauyen Allende. A cikinsa akwai fararen ɗigo-ɗigo masu yawan kalsiyam da alminiyam, waɗanda aka gano su ne daskararrun abubuwa mafi tsufa da suka samu a kewayen Rana. A 1973 Robert Clayton na Jami'ar Shikago, tare da Lawrence Grossman da Toshiko Mayeda, suka auna oksijin ɗin cikinsu, suka tarar da abin da bai kamata ya yiwu ba.

A nan sai mai karatu ya ɗan yi haƙuri, domin duk labarin a kan wannan ƙa'ida ya rataya. Tafasa, daskarewa, narkewa, duk wani abu na yau da kullum da ke raba aisotof, da nauyi yake rabawa. Oksijin 17 ya fi 16 da ɗigo ɗaya, 18 ya fi shi da ɗigo biyu. Saboda haka duk abin da ya rage 17 da kashi ɗaya, zai rage 18 da kashi biyu. Ruwan teku, ƙanƙara, dutsen Dala, numfashin mutum, duka suna bin wannan doka ta ɗaya da biyu. Fararen ɗigon Allende ba su bi ta ba. A cikinsu 17 da 18 sun ragu daidai wa daida, kowanne da kusan kashi 40 cikin dubu, har fiye. Nauyi ba zai iya yin haka ba.

Daga nan Clayton da Mayeda suka shiga auna duk dutsen sama da ya zo hannunsu, suka ga kowane iyali na duwatsun yana da nasa hatimin oksijin. Ɗaya daga cikin duwatsun da wannan awo ya fito da asalinsu a ƙasarmu ya faɗo: dutsen Zagami, mai nauyin kilo 18, wanda ya sauka kusa da wani manomi a lardin Katsina ranar 3 ga Oktoban 1962. Oksijin ɗinsa ya kauce wa layin Duniya da kashi 0.3 cikin dubu kacal, kuma wannan 'yar kaucewa ce ta haɗa shi da 'yan uwansa da aka tabbatar daga Mas suka zo. Mai karatu ya riƙe wannan lamba, 0.3, zai ga amfaninta.

To wa ya kauce, wa ke kan asali? Kusan shekara talatin yawancin masana suna ɗauka cewa Duniya ce daidai, ɗigon Allende ne suka sami wani baƙon ƙari daga wani tauraro da ya fashe. A 2002 Clayton ya juya wa ra'ayinsa na farko baya, ya ce a'a, ɗigon ne ke kusa da asali, mu ne muka canja. Hujjarsa iskar kabon monoksaid ce, wadda ta riƙe kaso mai yawa na oksijin ɗin gajimaren farko. Hasken ultirabayolet yana farfasa ta, amma kowane aisotof da irin hasken da ke fasa shi. Mai oksijin 16 ya yi yawa har yana shanye nasa hasken tun a bakin gajimaren, ya kāre na ciki. Masu 17 da 18 ba su da yawan da za su yi wa kansu garkuwa, don haka ake ta fasa su har can ciki. Oksijin mai nauyi da ya kuɓuta ya shiga ƙanƙarar ruwa, ruwan ya haɗu da ƙurar da aka gina duniyoyi da ita. Idan haka ne, in ji Clayton, a je a auna Rana, za a same ta kamar ɗigon Allende.

An gwada neman amsar a ƙurar Wata, tunda ta yi miliyoyin shekaru tana shan iskar Rana. Nan kuwa aka shiga ruɗani. A 1975 John Kerridge ya ga naitirojin ɗin ƙurar yana bambanta ƙwarai daga samfur zuwa samfur, har aka yi zaton Rana ce ke canjawa da zamani. An ga wani niyon mai nauyi can cikin ƙwayoyin ƙurar, rabonsa wajen 11.2 maimakon 13.7, aka ce wata iska ce ta daban mai ƙarfin gaske. A 2005 wata tawaga ta auna oksijin a ƙananan ƙwayoyin ƙarfe na ƙurar ta ce Rana ta fi Duniya yawan 16. Shekara ɗaya bayan haka wata tawagar ta auna ta ce ta fi ta ƙarancinsa. Dukansu a mujallar Nature aka buga su, dukansu ƙwararru ne. Ƙurar Wata ta ga abubuwa da yawa, ba a iya sanin wanne ne na Rana a cikinta.

Donald Burnett na Caltech ya daɗe yana cewa a koma dabarar Geiss, amma a yi ta da kyau: abin tara mai tsabtar gaske, nesa da Wata da Duniya, na shekaru maimakon awoyi. Hukumar NASA ta amince, aka harba kumbon Genesis ranar 8 ga Agustan 2001. Ya je ya tsaya kilomita miliyan 1.5 daga Duniya ta wajen Rana, inda garkuwar maganaɗisun Duniya ba ta kai ba, ya buɗe farantansa daga Disamban 2001 zuwa 1 ga Afrilun 2004. A kan farantan an jera ƙananan fale-fale masu kusurwa shida, na silikon, da yakutu, da zinariya, da wani kabon mai taurin lu'ulu'u. Duk abin da suka tara a kwana 850 da 'yan kai bai cika rabin miligiram ba.

Wani tunani da aka yi wajen ƙera kumbon shi ne, a ganina, zuciyar aikin gaba ɗaya. Iskar Rana ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai tafiyar hawainiya, wajen kilomita 400 a daƙiƙa. Akwai mai sauri da ke fitowa daga ramukan rawanin Rana, tana kaiwa 700 ko fiye. Akwai kuma aman da Rana ke yi lokaci-lokaci ta watso tarin ƙwayoyi gaba ɗaya. An sa wa kumbon na'urorin da ke gane wace iri ce ke kaɗawa, sai ya fito da farantin da aka ware mata ya ɓoye sauran, ban da farantan da ke buɗe kullum. Dalilin a fili yake. Ba za a iya auna Rana a kwatanta da iskarta ba, amma za a iya kwatanta iska da iska. Idan lissafin Bern gaskiya ne, mai tafiya a hankali za ta fi mai sauri rasa aisotof masu nauyi, kuma girman bambancin zai nuna hanyar komawa ga Ranar kanta.

Ranar 8 ga Satumban 2004 akwatin samfurin ya shigo sararin Duniya a kan hamadar Yuta. Jirage biyu masu saukar ungulu suna sama suna jira, matuƙansu ƙwararru ne da ke wasannin kasada a fina-finai, an shirya su caɓe lemar akwatin da ƙugiya tun a sama don kada fale-falen su ji ko ɗan girgiza. Lemar ba ta buɗe ba. Akwatin ya yi ta wulwulawa a idon kyamarori har ya daki ƙasa da gudun kilomita 311 a awa, ya tsage, rabinsa ya nutse cikin turɓaya. Kwamitin bincike ya gano cewa 'yan na'urorin da za su ji raguwar gudu su saki lemar, a juye aka tsara zamansu tun a zane.

Mutane suka durƙusa a hamada suna tsince gutsattsari dubbai da hantsaki, ana sa kowane a mazubinsa, ana ba shi lamba. Abu biyu suka ceci aikin. Na farko, ƙwayoyin iskar Rana ba a saman fale-falen suke ba, sun nutse ciki, duk da zurfin bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba. Idan aka wanke ƙurar Yuta a hankali, suna nan. Na biyu, masu ƙira sun ba fale-falen kowane faranti kauri daban: maikuromita 700 ga na kullum, 650 ga na aman Rana, 600 ga na iska mai sauri, 550 ga na mai tafiya a hankali. Ko gutsure ya kai ƙanƙantar farce, a auna kaurinsa a san iskar da ya sha. Ba don wannan tsinkaye ba, da tambayar da aka je dominta ta mutu a wannan rami.

Amsa ta farko ta fito a 2006 daga Zurik, inda Ansgar Grimberg da Rainer Wieler da abokansu suka riƙa cinye saman wani gilashin ƙarfe na Genesis da sinadari kaɗan-kaɗan suna auna niyon ɗin da ke fita. Na sama-sama mai sauƙi ne, na can ciki mai nauyi, har ya kai irin wanda aka gani a ƙurar Wata. Ashe babu wata iska ta daban. Mai sauƙi da mai nauyi da gudu ɗaya suke zuwa, mai nauyi ya fi nutsewa, shi ke nan. Shekara talatin ana rubutu a kan abin da babu shi.

Oksijin ya fi wuya, domin yana ko'ina, a iska, a ruwa, a jikin na'urar awon kanta. Genesis ya tafi da wani madubin lantarki da aka ƙera a Los Alamos, mai tattara ƙwayoyi ya ninka yawansu wajen sau ashirin a kan ɗan faifai mai faɗin santimita 6, kuma Allah ya sa yawancin faifan ya tsira. Kevin McKeegan na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjelis ya shafe shekaru yana gina wata na'ura takanas saboda shi, MegaSIMS, wadda ke farfasa haɗin oksijin 16 da haidirojin, domin nauyinsa ɗaya da oksijin 17 kuma yana shigar burtu a awo. Madubin ma da kansa yana karkatar da aisotof, sai da Veronika Heber ta auna niyon daga tsakiyar faifan zuwa bakinsa aka san gyaran da za a yi.

A watan Yunin 2011 sakamakon ya fito a mujallar Science. A iskar Rana, oksijin 17 ya gaza na tekun Duniya da kashi 81 cikin dubu, oksijin 18 kuma da 102. Waɗannan lambobi ba su yi kama da na Duniya ba, ba su kuma yi daidai da na Allende ba. Amma a tuna dokar ɗaya da biyu. Ragin da iska ke yi na nauyi ne. Idan ta rage 17 da 22, to ta rage 18 da 44. A mayar mata da abin da ta ɗauke: 81 ya koma 59, 102 ya koma 58. Ga su nan daidai wa daida, a kan layin fararen ɗigon Allende, kamar yadda Clayton ya faɗa shekara tara kafin nan. Kaucewar Rana daga layin Duniya ta kai kashi 28 cikin dubu. Ta Zagami, dutsen da ya taso daga wata duniya sukutum, 0.3 ce. Ma'ana Duniya da Wata da Mas duk gida ɗaya suke, kuma gidan nan gaba ɗayansa ne ya yi nisa da asali.

A fitowa ɗaya ta mujallar, Bernard Marty da tawagarsa a birnin Nansi na Faransa suka kawo na naitirojin, wanda ya fi ban mamaki. A iskar da muke shaƙa, kowane naitirojin 15 yana da 272 na mai nauyin 14. A iskar Rana 459 ne, bayan gyara kuma 441. Kumbon Galileo ya riga ya auna na Jupita ya sami kusan haka. Rana da Jupita sun yarda da juna, mu ne muke da rarar naitirojin mai nauyi da ba a gama gano inda ya fito ba.

Jaridun duniya a kan wannan suka tsaya, kuma ba laifinsu ba ne, labari ne mai daɗin faɗa. Amma ni inda hankalina ya fi tsayawa shi ne lambar nan 22. Daga ina ta fito? McKeegan da abokansa sun ja layin nauyi daga awon iskar har ya gamu da layin Allende, suka ce nan Rana take. Zato ne mai ƙarfi, kuma ya yi kusa da abin da lissafin Bern ya hango, amma mai son gardama zai iya cewa an sa amsar a cikin tambayar. Cewa Rana ta fi mu oksijin 16 ba ya buƙatar wannan gyara, tunda ragin nauyi ba zai iya ɗauke abu daga layin Duniya ba. Sanin daidai inda take kuwa yana buƙatarsa. Shi ya sa nake ganin aikin da Heber da abokanta na Zurik suka buga a 2012, wanda bai sami ko rubu'in wancan suna ba, shi ne ginshiƙin da sauran suka jingina a kai.

Gutsattsarin nan masu kaurin 550 da 600 suka ɗauko, suka auna hiliyam, niyon da agon a kowanne. Iska mai tafiya a hankali ta gaza mai sauri a aisotof mai nauyi, a duka ukun: kashi 63 cikin dubu a hiliyam, 4.2 a kowane ɗigon nauyi na niyon, 2.6 a agon. Aisotof uku na niyon sun bi dokar nauyi. Yawan hiliyam a kan haidirojin ma ya bi sahu, 34 cikin dubu a mai tafiya a hankali, 41 a mai sauri. Duk inda hiliyam ya fi maƙalewa, nan aisotof masu nauyi suka fi maƙalewa, kuma girman abin ya zo daidai da lissafin da Geiss ya fara a 1970. Wannan ne karon farko da aka ga ragin da ido, a awon ɗakin bincike, ba a takarda kawai ba. Geiss yana raye ya gani. A 2020 ya rasu yana da shekara 93.

Duk da haka maganar ba ta rufu ba. Bambancin iska da iska ƙarami ne, tazarar da ke tsakanin iska da fuskar Rana ta ninka shi, kuma da lissafi ake tsallaka ta. Martin Laming na ɗakin binciken sojan ruwan Amurka yana ganin turin furoton kaɗai bai isa bayani ba. Shi ya daɗe yana nazarin wani ragin na daban, wanda ke sa sinadarai masu saurin sakin ilektiron, irin su ƙarfe da maganiziyam, su ninka a cikin iskar fiye da yadda suke a fuskar Rana, kuma a 2017 shi da masu aikin Genesis suka nuna cewa igiyoyin maganaɗisu da yanayin buɗewar layukansa suna da hannu a rabon aisotof ɗin ma. A 2018 James Lyons da abokansa suka koma ga haske, suka sake lissafin layukan kabon monoksaid na fuskar Rana, inda aisotof ke ɗan rabuwa, suka sami oksijin 18 ya gaza na Duniya da kashi 50 cikin dubu, da yiwuwar kuskuren 11 sama ko ƙasa. Lambar Genesis, 58, tana cikin wannan tazara.

Gwajin da ya fi kowanne tsabta shi ne na maganiziyam. Aisotof ɗinsa uku kusan rabo ɗaya suke da shi a Duniya, a Wata, a Mas da yawancin duwatsun sama, bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba, saboda haka babu dalilin zaton na Rana ya bambanta. Duk gibin da aka gani tsakanin maganiziyam na iskar Rana da na Duniya, aikin iskar ne tsantsa, ba sai an jingina da Allende ba. A 2020 Amy Jurewicz ta Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinta suka buga awonsa daga wani gutsuren kabon na Genesis, suka same shi ya fi na Duniya sauƙi, kamar yadda ake tsammani. Yanzu aikin da ke gaba shi ne a matse kuskuren awon har ya iya zaɓa tsakanin lissafin Bern da na Laming, a kuma maimaita shi a iska mai sauri da mai tafiya a hankali daban-daban. Ragowar gutsattsarin suna ajiye cikin iskar naitirojin a Cibiyar Johnson da ke Hustan, kuma duk ɗakin binciken da ya kawo tsarin awo mai gamsarwa ana yanka masa nasa.